Kar ku ce za ku ɗumama ɗaki da hitar wanka, ni na gwada a Tabuk

Ƙannena masu zuwa aiki arewacin Saudiyya, musamman ku da kuka taso a Jidda ko Makka ba ku san wani abu wai shi sanyi ba, ku zo ku ji wautar da na tafka. Shekarata ta farko a Tabuk, Marba'aniyya ta shigo a farkon Disamba, kwana arba'in ɗin nan na tsananin sanyi da Larabawa ke ji da su, har ƙanƙara ke sauka a dutsen Jabal Lauz, ni kuwa ɗan Madina ina ta rawar ɗari cikin bargo biyu. Sai dabara ta faɗo min, tunda ga sakhan, wato hitar ruwan wanka, a banɗaki mai lita 80 yana ta dafa ruwa, me zai hana in ja bututu zuwa ɗaki in haɗa da radiyeta biyu na ƙarfe, waɗanda ruwan zafi ke bi ta cikinsu su ɗumama ɗaki, da ƙaramin famfo mai juya ruwa? Na kira wani sabbak, wato mai gyaran famfo, ya haɗa min, bai ce uffan ba ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba.

Daren farko kam na ji daɗi, wajen rabin awa. Daga nan radiyeta ta koma ɗumi-ɗumi kamar shayin da aka manta. Ashe lissafi ne ban yi ba, ƙarfen da ke dafa ruwan wat 1,500 ne kacal, zafin da ka tara a tankin kuwa idan ruwan ya sauka da digiri 20 bai ma kai kilowat-awa 2 ba, ɗaki mai bangon bulo da taga mai shigo da iska nan da nan zai shanye shi. Bayan haka abin da ƙarfen ya bayar shi za ka samu, ba ƙari. Wato daffaya, hitar ɗaki mai mai a ciki, ta wat 2,000 da ake sayarwa a kowane shago ta fi duk wannan haɗin nawa ƙarfi, kuma ita soket kawai za ka saka ta. Da asuba kuma in zo alwala ruwa ya yi sanyi ƙalau, don ɗaki ya cinye zafin tun tsakar dare. Ba ga tsuntsu ba ga tarko.

Amma wannan duk wasa ne, abin da ya fi tsorata ni daga baya shi ne ruwan kansa. Haɗin da muka yi ruwa ɗaya ne ke zagaya radiyeta kuma shi ke fitowa a shawa. Ba a yi wata biyu ba ya fara fitowa ja-ja, saboda kullum sabon ruwa na shiga da iska a cikinsa yana cin ƙarfen radiyeta da na famfon, irin wannan haɗi famfon tagulla ko na ƙarfen da ba ya tsatsa yake so, ni kuwa na baƙin ƙarfe na saya don ya fi araha. Da zafi ya shigo na kashe famfo, ruwa ya kwanta a bututun nan wata da watanni. Kun san yadda muke yi a nan da bazara, a kashe sakhan don ruwan cikinsa ya fi na tankin saman rufi sanyi. To wani abokina ma'aikacin jinya ne ya zo ya gani ya riƙe baki, ya ce ka san lejiyonela? Ƙwayar cuta ce mai son kwantaccen ruwa tsakanin digiri 20 zuwa 45, ba sai ka sha ba, feshin shawa kawai za ka shaƙa ta kama huhu, ita ce ta kashe mutane a wani taron tsofaffin sojoji a Filadelfiya ta Amurka a 1976. Shi ya sa ake son tanki ya zauna a digiri 60. Wallahi a ranar na sa aka yanke bututun.

Ba wai abin ba ya yiwuwa ba ne, ana yi a ƙasashen sanyi, amma da hita mai ƙarfi wadda aka ƙera don aikin biyu, sannan a raba ruwan gida biyu da wata na'ura mai miƙa zafi ba tare da ruwan ya gauraya ba, ɓangaren ɗaki da tankinsa na karɓar kumburin ruwa. Kuma don Allah, ƙaramin bawul ɗin nan da ke ɗigar da ruwa a gindin sakhan kar wanda ya toshe shi don yana jiƙa masa tayil, shi ke hana tanki fashewa, ni har na ɗauko filaya Allah ya tsare.

Yanzu mukayyif, wato AC, mai zafi da sanyi nake kunnawa, shi zafin waje yake jawowa ciki, wuta ɗaya yana iya ba ka ninki biyu zuwa uku na zafi, a halala 18 (halala ɗari ne riyal ɗaya) kowane kilowat-awa kuwa za ka ga bambanci a fatura, wato takardar kuɗin wuta. Radiyeta biyun suna nan a bayan gida, maigidan haya ya ce in kwashe kafin ƙarshen wata.