Abin da takardar tambayoyi ba ta tambaya ba

A shekararmu ta ƙarshe a makaranta aka raba mu wuraren aikin gwaji, ni na faɗa garin Garwa na arewacin Kamaru, inda aka ɗora ni kan bibiyar cimar manya masu ciwon lalacewar tsoka, wanda likitocinmu ke kira miyopati. A unguwa kuwa shan inna ake ce masa, wasu su ce sammu. Ciwon na gado ne. Nau'in Duchenne ya fi tsanani, yana kama ɗa namiji ɗaya cikin 3,500 zuwa 5,000, kuma a 1986 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo shi. Manyan da ake gani sun fi zama masu nau'in Becker, mai tafiyar hawainiya, ko wanda ke cin tsokar kafaɗa da ƙugu. Shi wannan sau da yawa sai uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar, shi ya sa auren zumunci ke ƙara fito da shi.

Sikeli ba ya faɗin gaskiya a kan waɗannan mutane. Tsoka na zagwanyewa, kitse na maye gurbinta, nauyi yana nan daram. Ga sha-raɓa ta yi bul-bul kamar ta ɗan dambe, amma mai ita sai ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, kafin ya miƙe daga tabarma. Wanda ya daina tafiya buƙatar jikinsa ta ragu, 'yan uwa kuma saboda tausayi sai ƙosai, sai shayi mai sukari, ƙiba ta hau shi, ɗaukarsa ta gagara. In yana shan firednizon, maganin da ake ba wasu masu ciwon, abin ya ƙaru, ga ƙashi na raunana, dole a nemo masa nono, kindirmo da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu. Can gaba kuma lamarin ya juye: tauna ta zama aiki, haɗiya ta zama haɗari, abinci ya riƙa kaucewa zuwa huhu, mutum ya rame.

Duk wannan yana cikin littafi. Takardar auna jin daɗin rayuwa da muka riƙe, SF-36 mai tambayoyi 36, a Amurka aka tsara ta, har da misalin tura injin shara da wasan golf. Haka muka yi ta fama da ita, muna canja misalai da ɗibar ruwa da hawa babur.

Kusan duk wanda na zauna da shi yana kukan taurin bayan gida. Maganin a bayyane yake: ruwa, kuɓewa, kuka, yakuwa, wake. Na yi ta nanatawa, shiru. Wata rana wani magidanci mai ɗinkin hula ya jira ƙanensa ya fita, sannan ya ce, "Malama, in na sha ruwan, wa zai kai ni? Yaron nan yana kasuwa tun safe." Ashe da gangan yake ƙin sha, a zafin Garwa na watan Afrilu da ke wuce digiri 40, don kada ya nemi a ɗauke shi zuwa masai, a riƙe shi a tsugune. Babu tambaya ko ɗaya a takardarmu da za ta tono wannan.

Haka ma cin tuwo. Maza na haɗuwa a kwano ɗaya a zaure, wanda hannunsa ke ɗaukar lokaci kafin ya kai baki yana loma ta uku an sauke. Ba zai yi magana ba, sai ya ce ya ƙoshi. In aka ware masa nasa a ɗaki, ya ci ya ƙoshi amma ya rasa hira, kuma a ganina wannan rashin ya fi damun da yawansu.

Tun daga nan nake fara tambayar masai da wurin zama kafin na tambayi abin da aka dafa. A gidan mai hular, kafinta ya huda kujera aka sa bokiti a ƙasa, aka kuma samo ɗan teburi mai tsayi da zai ɗora gwiwar hannu a kai. Tuwon aka sassauta masa da miyar karkashi, kunu kuma aka ƙara masa kauri don ya rage ƙwarewa.