Mashin da ba ya kuka

Talata. Yau ma ban samu zuwa Rigasa ba, sai Hajiya ta ƙara haƙuri. Tun bayan asuba nake buga kik, mashin ya ce bai san zance ba. Ƙarshe turawa na yi har garejin Kawu, gumi sharkaf.

Kun san Kawu, ba ya tambayar mutum abin da ya sami mashin. "Tayar in ji," shi ke nan. Ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya. Mashin ya yi tari biyu ya mutu. "Kafireta ce, an zuba maka gurɓataccen mai." Da yaransa suka kwance, ga datti nan kwance a ƙasan kofin.

Muna cikin haka sai kawai muka ga mutum a tsakiyarmu bisa mashin. Wallahi babu wanda ya ji zuwansa, har ƙaramin yaron Kawu ya zabura ya saki sifana. Wani saurayi ne, birkinsa na baya ya saki. Mashin ɗin na lantarki ne. Na sha ganinsu a waya, amma yau na fara taɓa ɗaya da hannuna.

Kawu ya miƙe ya zagaya shi sau biyu. Ya tsuguna ya kai hannu inda fulogi ya kamata ya kasance, sai yatsunsa suka tarar da roba sumul. Ya leƙa baya, babu salansa.

"Samari, tayar in ji."

"Ai a kunne yake, Baba."

Kawu ya yi shiru. Yaron ya shiga bayani cikin ladabi: ba ya shan fetur, ba juyen baƙin mai, ba kulochi ba giya. Injin yana cikin cibiyar tayar baya, batirin litiyam yana ƙarƙashin kujera, akwai kuma wani ɗan akwati da ke raba wuta gwargwadon yadda ka murɗa hannu. Da dare yake jona shi a shagon yayansa mai sola, da safe ya je Kawo ya dawo Barnawa da sauran caji. Ya ce in ɗana. Na hau na kai bakin titi na juyo. Kana murɗawa yake fizgarka, ba jijjiga, ba hayaƙi, sai ƙarar taya a kan tsakuwa. Har sallamar mai shayi na ji sarai ina tafe. Ba zan ɓoye ba, raina ya biya. Duk wanda ya sayi lita ƙasa da naira 200 kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Tinubu ya ce tallafi ya tafi, sannan ya wayi gari a 2024 tana haura 1,000, ba ya buƙatar a yi masa dogon wa'azi a kan mashin da ba ya tsayawa gidan mai.

Kawu ya ɗaure birkin cikin minti biyar, ya ƙi karɓar ko sisi. Da yaron ya tafi, shiru kamar yadda ya zo, sai ya zauna kan benci yana goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa.

"Ɗana, mashin da ba ya kuka, ta ina zan san ciwonsa?"

Na ce, "Kawu, ai taya da birki da waya suna nan, dole a zo wurinku."

"Faci da birki ba su riƙe gida. Inji ke ciyar da mu."

Na so in kwantar masa da hankali da cewa abin da saura. Ina wutar da za a yi cajin? Mu kanmu tun jiya ba mu ga ƙyallinta ba a layinmu, ga batirin shi ne mafi tsada a jikin mashin ɗin. Amma bakina ya yi nauyi, don na san yadda wasu suka warware wannan. A Kigali, babban birnin Ruwanda, ɗan acaɓa ba ya jiran caji, yana shiga tasha ya ajiye batirin da ya ƙare, a ɗora masa cikakke cikin 'yan mintuna ya wuce. Kamfanin Ampersand ya daɗe yana haka a can, Spiro kuma ya shigo Najeriya da irin tsarin. Ruwanda ma tun Janairun 2025 ta daina yi wa sababbin baburan haya masu fetur rajista a Kigali. Duk ban faɗa masa ba. Na dai ce Allah ya rufa asiri, ya ce amin.

Abin da ya tsaya mini shi ne kunnen nan nasa. Tun ina firamare yake wannan sana'a, ya yi zamanin Vespa, ya yi Jincheng, ya zo Boxer, kowanne ya haddace muryarsa. Da wannan kunnen ya aurar da 'ya'ya mata huɗu, da shi ya biya mini kuɗin jarrabawa lokacin da Baba ke kwance. Yau kuma na hau abin da zai iya mayar da shi mai faci, na sauko ina murmushi, kuma ya ga murmushin.

Makaranta sai ƙarfe goma na isa. Darasi biyu, gyaran takardu. Auta ta ɓatar da takalmi ƙafa ɗaya. Tuwon dare da miyar kuka, Maman Auta ta tambaye ni sau biyu ko lafiya.

Bayan isha'i Kawu ya kira, abin da bai saba ba. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Wancan akwatin da yaron ya ce yana raba wuta, ka bincika mini a wayarka yadda cikinsa yake. Ka zo da shi Juma'a bayan masallaci, ka karanta mini." Na ce to, Kawu.

Cajin wayata saura kaɗan, har yanzu ba a kawo wuta ba. Gobe Rigasa, in Allah ya kai mu.