Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Lokacin da Na Ajiye Linzamin Kwamfuta

A makon jiya na tsaya ne a inda likita ya duba wuyan hannuna na dama, ya ce jijiyar ta kumbura saboda yawan maimaita motsi iri ɗaya, kuma in ina son ta lafa sai na huta da riƙon linzamin kwamfuta na wani lokaci. Ya yarda in ci gaba da buga rubutu a hankali, amma riƙon linzami da jansa da latsa shi da yatsa ɗaya tun safe har yamma, wannan kam ya hana. Waɗanda suka biyo wannan tarihi tun farko sun san cewa a wancan lokaci hanyar cin abincina gaba ɗaya a kan kwamfuta take, domin ni ke shirya wasiƙu da rahotanni da jadawalin lissafi na sashenmu. Rubutu na iya shi ba tare da kallon madannai ba, amma duk abin da ya wuce rubutu, kamar adana fayil, gyara sakin layi, saka jadawali ko aika takarda ga na'urar bugawa, da linzami nake yin sa, kuma ban taɓa zaton akwai wata hanya ba.

A sashen da ke maƙwabtaka da namu akwai wani dattijo da ya rasa ganinsa bayan ya girma, wanda kowa ke kira Malam. Fuskar kwamfutarsa yawanci a kashe take, linzaminsa kuma yana cikin aljihun tebur an nannaɗe shi da wayarsa. Abin sauraro ne kawai a kunnensa, inda manhajar JAWS ke karanta masa abin da ke kan allo da saurin da ni ban iya tsintar ko kalma ɗaya a ciki. Na je na gaishe shi, na faɗa masa halin da nake ciki, na roƙe shi ya rubuta mini jerin gajerun hanyoyin da zan haddace. Sai ya ce, "Ƙanena, haddar za ta zo da kanta. Abin da za ka fara koya shi ne sanin inda kake tsaye a cikin manhajar, da yadda za ka taka daga nan zuwa gaba, da yadda za ka komo baya in ka ɓata."

Ya sa na buɗe Word, wanda a lokacin na 2003 ne muke amfani da shi, ya ce in danna Alt shi kaɗai in saki. Da na yi, sai na ga kalmar File da ke can sama a kusurwar hagu ta yi haske. Ya ce to, yanzu hankalin manhajar ya bar takardar ya koma kan layin mazaɓa, wato jerin kalmomin umarni da ke can sama, kuma duk maɓallin da na taɓa daga yanzu umarni ne, ba rubutu ba. Kibiyar dama tana kai ni Edit, View, Insert har zuwa Help. Kibiyar ƙasa tana buɗe jerin da na tsaya a kansa. Enter yana zartar da abin da na zaɓa. Esc kuma yana mayar da ni baya taki ɗaya, in na sake danna shi in koma cikin takarda daidai inda na bar rubutuna. Maɓallin F10 ma aikin Alt ɗin yake yi. Daga nan ya nuna mini abin da na yi shekaru ina kallo ban gani ba, wato kowace kalma a mazaɓar tana da harafi ɗaya da aka ja wa layi a ƙasa. A File harafin F ne, amma a Format harafin O ne, saboda File ya riga ya ɗauke F, haka kuma Table ya sami A domin T na Tools ne. Ke nan in na danna Alt, sannan O, sannan P, akwatin gyaran sakin layi zai buɗe. Alt da F da A kuwa su kai ni wurin adana fayil da sabon suna. Daga baya na fahimci cewa tun daga Windows 2000 aka fara ɓoye waɗannan layuka a manhajoji da yawa har sai mutum ya taɓa Alt, abin da ya sa mutane da dama ba su ma san da su ba.

Layukan kayan aiki, wato jerin ƙananan hotunan nan na almakashi da na'urar bugawa da sauransu, su na ɗauka ba za su taɓu ba sai da linzami, tunda ba su da harafi ko ɗaya. Malam ya ce in danna Alt, sannan in riƙe Ctrl in taɓa Tab. Nan take hasken ya sauko daga mazaɓa zuwa layin kayan aiki na farko, da na maimaita kuma ya sauka kan na biyu, inda sunan salon rubutu da girmansa suke. Daga nan kibiyoyi ke zagayawa da mutum hoto bayan hoto, Enter kuma ya latsa wanda aka tsaya a kai.

Inda na fi daɗewa shi ne akwatunan da ke buɗewa suna neman a zaɓi wani abu, domin a nan ne sanin inda ake tsaye ya fi muhimmanci. A cikin kowane irin akwati akwai wani siririn zobe na ɗige-ɗige da ke kewaye abu ɗaya tak, kuma wannan abin shi ne zai amsa duk maɓallin da aka danna. Tab yana matsar da zoben gaba, Shift da Tab su dawo da shi baya. In ya sauka kan ɗan akwatin da ake sa wa alama, dogon maɓallin tazara ne ke sa alamar ko ya cire ta. In jeri ne da ke naɗe, Alt da kibiyar ƙasa su warware shi. In akwatin yana da shafuka da yawa, Ctrl da Tab su juya shafi. Enter ya amince, Esc ya fasa. Malam ya kwatanta mini lamarin da mutumin da ke tafiya cikin gidansa da dare ba fitila: bai haddace yawan taku ba, amma ya san wace ƙofa ke bin wace, kuma ya san hanyar komawa. Shi da ba ya ganin zoben, muryar da ke kunnensa ce ke faɗa masa sunan abin da ya tsaya a kai, ni kuwa idona ne, amma tafiyar ɗaya ce. Ya ƙara mini da Shift da F10, waɗanda ke buɗe jerin da ake samu in an latsa ɓangaren dama na linzami, ya kuma nuna mini cewa in na danna Shift sau 5 a jere, Windows zai ba ni damar danna Ctrl ko Alt in saki kafin in taɓa harafin da ke biye, maimakon riƙe su tare. Wannan ya sauƙaƙa wa hannuna ƙwarai a makonnin farko.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne da na buɗe Excel, sannan na buɗe wata manhaja dabam da ba ta da alaƙa da su, sai na tarar maɓallan nan ba su canja aiki ba. Wannan ya sa na shiga bincike a kan asalin abin. A farkon shekarun 1980 kowace manhaja da nata tsarin. Lotus 1-2-3, wadda ta fito a 1983, da maɓallin karkatacciyar sanda (/) ake buɗe mazaɓarta, WordPerfect kuma ta dogara ne da maɓallan F, har ana ɗora wani ɗan kwali a saman madannai domin tunatar da mai aiki, kuma a cikinta F3 ne neman taimako, F1 kuwa fasawa. A 1987 kamfanin IBM ya fitar da ƙa'idojin da ya kira Common User Access, waɗanda suka tsayar da cewa F1 taimako ne, F10 da Alt su kai mutum mazaɓa, Esc fasawa, Tab kuma tafiya tsakanin gurabe, sannan Windows ya bi wannan tsari. Har yau Shift da Insert suna liƙa abin da aka kwafa, kuma gadon wancan zamani ne, ko da yake Ctrl da C, da Ctrl da V, waɗanda suka samo asali daga tsarin kwamfutocin Apple, su suka fi shahara. Na ga hikimar masu wannan aiki, domin sun gane cewa abin da hannu ya saba da shi dukiya ce da bai kamata a riƙa zubar wa mutane da ita duk lokacin da aka fito da sabuwar manhaja ba.

Hannuna ya warke, amma ban koma ga linzami kamar da ba. Ba zan ce madannai sun fi shi a komai ba. In za a ja hoto a daidaita shi a shafi, ko a zana wata siffa, linzami ya fi dacewa nesa ba kusa ba. Sai dai a aikin rubutu da lissafi, inda hannaye biyu suke kan madannai dama, ɗaga hannu a nemo linzami, a nemo kibiyarsa a kan allo, a latsa, sannan a dawo a sake neman wurin yatsu, yana katse tunani fiye da yadda mutum ke lura.

Sai aka sauya mana manhajar zuwa Office 2007, wadda ta zo da sabon fasali mai suna Ribbon. Mazaɓar da layukan kayan aiki duk sun tafi, an maye gurbinsu da faffaɗan layi mai shafuka. Ranar da aka saka ta na je wurin Malam da damuwa, domin na san shekarun da ya yi yana gina saninsa a kan tsohon tsari. Na same shi yana ta danna Tab yana saurare, yana bin sabon wurin lungu-lungu. Ya ce, "Zauna ka danna Alt, ka faɗa mini abin da idonka ya gani." Da na danna, sai ƙananan haruffa suka bayyana a kan kowane shafi: H a kan Home, N a kan Insert, P a kan tsarin shafi, R a kan Review, W a kan View. Da na taɓa H sai wasu haruffan suka fito a kan kowane hoto da ke ciki. Muka yini ina karanta masa yana gwadawa. A Word, Alt da N da T suna buɗe wurin saka jadawali. A Excel, Alt, H, O, I suna daidaita faɗin layin tsaye da tsawon abin da ke cikinsa, aikin da a da nake yi da jan iyakar layi a hankali. Abin da ya fi faranta wa Malam rai shi ne da ya danna Alt, E, S bisa sabo, sai akwatin liƙawa na musamman ya buɗe kamar yadda yake yi a tsohuwar manhajar, domin an bar yawancin tsofaffin jerin maɓallan suna aiki ko da yake mazaɓar da suka fito daga ciki ba ta nan. Mun kuma gano cewa ƙaramin layin da ke can sama yana ba kowane umarni da aka ɗora masa lamba, ta yadda Alt da 1 ko Alt da 2 za su zartar da shi, kuma Ctrl da F1 suna naɗe faffaɗan layin in ya cinye wuri. A ra'ayina sabon tsarin ya fi wa mai gani sauƙin koyo, tunda haruffan suna fitowa ɓaro-ɓaro, amma ya ƙara wa mai bi da kunne tsawon tafiya.

Shekaru bayan haka, da na yi aiki da LibreOffice, wata manhajar ayyukan ofis wadda ta ɓalle daga OpenOffice a 2010, darasin farko ne ya fisshe ni. A can F6 ne ke ɗaukar mutum daga mazaɓa zuwa layukan kayan aiki ɗaya bayan ɗaya, Ctrl da F6 kuma su mayar da shi cikin takarda kai tsaye. Ban buƙaci kowa ya koya mini ba, domin na riga na san tambayar da zan yi wa kowace sabuwar manhaja.

Akwai wuri ɗaya da duk wannan sani bai yi mana amfani ba. An kawo mana wata manhajar shigar da bayanai da wani kamfani ya ƙera wa ma'aikatarmu musamman, kuma a cikinta Tab yana bin gurabe har zuwa na ƙarshe, sannan ya tsallake maɓallin adanawa ya koma farko. Ba shi da harafi, Enter ba ya taɓa shi, manhajar da ke karanta wa Malam allo kuma ba ta ma san yana nan ba. Mutumin da ya fi kowa a ginin sanin kwamfuta sai ya koma yana cike gurabe, sannan ya jira wani ya zo wucewa ya latsa masa maɓalli ɗaya. Wannan abu ya sosa mini rai matuƙa, musamman da na san cewa ƙa'idojin WCAG na 2008, wato na sauƙaƙa wa masu naƙasa amfani da shafukan intanet, sun bayyana ƙarara cewa duk abin da shafin intanet ke yi ya kamata a iya yin sa da madannai, kuma manhajar tamu ta cikin shafin intanet ake buɗe ta. Na ce masa, "Malam, ka ba ni izini mu rubuta musu." Ya ce in kawo kujera, shi zai faɗi matsalolin ɗaya bayan ɗaya, ni in tsara wasiƙar. Amsar da suka ba mu, da zaman da aka kira mu a kanta, su zan kawo a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.