Abin da shigowar injin dijital ya koya mana a maɗaba'armu

Duk wanda ya taso a kan Kord ko GTO, wato injunan ɗab'i na ofset masu aiki da ruwa da tawada, ya san wahalar aikin ofset a farko take. Sai an raba launi huɗu, a fitar da filet huɗu, wato farantan ƙarfe masu ɗauke da hoton aikin, a ɗaura su a inji, a daidaita ruwa da tawada, a ɓata takardu kafin launi ya zauna. Da ya zauna kuwa shi ke nan, abin da zai ƙaru tsakanin kwafi dubu ɗaya da dubu goma bai wuce kuɗin takarda da tawada da ɗan lokaci ba. Shi ya sa a da, in mutum ya zo neman katin ɗaurin aure hamsin, sai mu ce, "Alhaji, gara ka yi ɗari biyar, kuɗin kusan ɗaya ne." Wani ya yarda, wani ya ce zai dawo, ba kuma za ka sake ganinsa ba.

Saboda irin waɗannan masu "zan dawo" muka sayi injin dijital ƙirar Konica Minolta na hannu, wanda a kasuwa ake ce wa DI. Lissafinsa a juye yake. Ba filet, ba ɓarnar farko, amma takarda ta dubu kuɗinta ɗaya da ta farko. Kowace tana cin tona, wato garin tawada, tana kuma cin dirom mai ɗora hoto da fiyuza mai gasa tona a kan takarda a ɓoye. Nan ne da yawa ke faɗawa rami: su lissafa takarda da tona, su ga riba, sai ranar da dirom ya mutu su gane ashe uwar kuɗi suke ci. Mu yanzu kowace takarda ta fita sai mun ware mata kason gyara. Da aka bar wa kasuwa darajar Naira a watan Yunin 2023, kayan nan, da yake duk daga waje suke zuwa, suka tashi ba shiri, dole muka daina riƙe tsohon farashi don kunyar kwastoma.

Sannan sabon injin ɗan gata ne. Kord ƙarfe ne, bakanike da sifana ya ishe shi. Wannan kuwa wuta ta ɗan yi rawa sai ya tsaya ya nuna maka lamba, ka zauna jiran injiniya. Sai da sitabilaiza, da janareto mai ƙarfi saboda fiyuza na jan wuta, da ɗaki rufaffe, domin ƙurar hunturu abokiyar gabarsa ce. Takarda ma in ta sha danshin damina, zafin injin na lanƙwasa ta, ta maƙale.

Inda ya biya mu shi ne aikin da a da muke gudu. Shahadar saukar Alƙur'ani ta makarantun Islamiyya, kowace da sunan ɗalibi da hotonsa. A ofset sai dai a bar gurbi a cike da biro. Haka katin shaidar ma'aikata, da 'yan kwafin kundin ɗaliban jami'a. Sai dai saurin ya jawo rigima: mutum ya turo hoto ta WhatsApp, wanda manhajar ta riga ta matse, ya ce launin bai yi kamar na wayarsa ba. Waya da haske take nuna launi, takarda da tawada, ba za su zo ɗaya ba. Yanzu kwafi ɗaya muke fara bugawa, ya gani ya sa hannu.

Kord ɗin dai ba mu sayar ba, duk da masu ba mu shawara. Da zaɓen 2023 ya zo, fostocin 'yan takara dubbai a kansa muka buga su, haka kalanda da littafin rasit har gobe. Tsohon mai tuƙa shi, da muka zaci zamani ya wuce shi, shi ne ke duba abin da DI ya fitar, ya ce wa yaran kwamfuta, "Ja ya yi yawa, ku rage."