Ranar da na kai ɗalibaina bakin Gulbi

Ina cikin shekarata ta biyu da fara koyar da labarin ƙasa a wata kwaleji a nan Maraɗi wata yarinya ta ɗaure ni da tambaya. Na gama jera musu nahiyoyi da manyan tekuna a kan allo, suna ta bitar su da ƙarfi, sai ta ɗaga hannu ta kira ni yadda ɗalibai ke kiran malami a nan, ta ce, "Mushe, ruwan gulbinmu in ya wuce Tibiri, ina yake zuwa?" Na san Nilu, na san Amazon, amma ruwan da ke bi ta gefen garin da aka yanke mini cibiya ban san inda yake ƙarewa ba. Abin ya tsaya mini a rai har dare.

Na nemi izinin shugaban makaranta da na iyaye, ran wata Asabar cikin hunturu muka gangara ta unguwar Bagalam da ƙafa. Tun a hanya darasi ya fara. Na ce kowa ya lura da abin da yake takawa. Daga sama rairayi ne ja mai zubewa a hannu, da muka sauka fadama sai ga baƙar laka mai kama takalmi. Bambancin tudu da kwari, wanda na sha zanawa da alli ba su gane ba, yau ƙafafunsu suka gaya musu.

A can muka iske wani dattijo yana ban ruwan tumatir. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, yaran nan ke son sanin hanyar gulbi." Ya goge hannu a riga, ya ɗauki kara ya fara ja a ƙasa. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, in ji shi, ya biyo ta Jibiya ya shigo Nijar, ya ratsa ƙasar Madarunfa, ya zo nan, ya yi Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya ya faɗa gulbin Rima. Daga nan na karɓa da taswirata: Rima ta bi ta Sakkwato, ruwan ya shiga kogin Kwara, Kwara ta zube a tekun Atalantika. Kuma daga wannan tekun ne iskar damina ke tasowa, ta kudu maso yamma, ta kawo mana hadari daga Yuni zuwa Satumba. Yaran suka yi tsit. Yarinyar nan ta ce, "Ashe ruwan zuwa yake yi ya dawo."

Dattijon bai tsaya nan ba. Ya ce, "Ɗana, tun da aka yi madatsar Jibiya gulbin nan bai ƙara cika kamar da ba." Ya nuna rijiyar lambunsa, ya ce sau biyu yana ƙara mata zurfi. Ya kuma tuna mana abin da iyayenmu ke faɗi, cewa tsohon gari a nan ƙasa yake, sai da ambaliyar 1945 ta cinye shi aka hau tudu. Ni kuma na ƙara musu da cewa Katsinawan da suka baro birninsu bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, wannan kwari mai ruwa da duhun itace suka zaɓa suka zauna.

A nan na gane kuskuren da nake yi. Littafi ya raba darasin gida biyu, yanayin ƙasa daban, zaman jama'a daban, ni ma haka nake bi. To amma ta yaya za ka bayyana wa yaro dalilin da ya sa a ƙidayar 2012 jihar Maraɗi ke da mutum sama da miliyan 3, Agadas kuwa, da ta fi rabin faɗin Nijar, ba ta kai rabin miliyan ba, in ba ka fara da ruwan sama da gonar hatsi ba?

Fitar ba ta rasa cikas ba. Na kwashi aji guda ni kaɗai, na baya ba su ji rabin maganar dattijon ba, kuma ruwan sha ya ƙare mana tun kafin azahar. Yanzu kashi uku nake raba su, mu fita da sassafe, kowane rukuni da tambayarsa a rubuce: wasu ƙasa, wasu ruwa, wasu su tambayi masu lambu ina suke kai kayansu. Taswirar duniya kuwa sai mun dawo nake buɗe ta, kowa ya fara neman Maraɗi da yatsa, wajen digiri 13 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, kafin mu tsallaka zuwa Asiya ko Amurka.