Yadda Na Sake Rubuta Sharuɗɗan Shafin Kasuwancina

Lokacin da na buɗe shafin intanet na sayar da humra da turaren wuta a ƙarshen 2023, wanda ya gina mini shi ya kwafo sanarwar sharuɗɗa daga wani shafin Amurka ya liƙa a ƙasa, ni kuwa ban karanta ba. Sai da kwalaben wata mai saye suka fashe a hanyar Kano zuwa Abuja, ta nemi kuɗinta, sannan na duba, na tarar sanarwar tana cewa ba ma ɗaukar alhakin kowace irin hasara, kuma duk wata taƙaddama a kotun Kalifoniya za a warware ta.

Na mayar mata da kuɗinta, domin hakkinta ne, sannan na kai rubutun wajen wata lauya. Ta ce da ni, "Hajiya, wannan ba laya ba ce da za ki rataya a ƙofa." Ta bayyana mini cewa dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ba ta yarda ɗan kasuwa ya zame daga alhakin kaya masu lahani don kawai ya rubuta sanarwa ba. Layin da ke cewa kayan da aka saya ba a dawowa da su, wanda muka saba gani a rasitan kantuna, shi lauyar ta fara sokewa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayanan mutane. Kullum ina karɓar suna da lambar waya da adireshin gida, ina miƙa wa direbobin tasha da masu babur, ban taɓa ɗaukar hakan a matsayin amanar da doka ta ɗora mini ba, alhali dokar kare bayanai ta 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta wajabta a gaya wa mutum dalilin karɓar bayanansa da waɗanda za a ba wa.

Sabuwar sanarwar gajeriya ce, da Hausa da Turanci. Tana ɗauke da sunan kasuwancin da lambar rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da yadda ake dawo da kaya, da gargaɗi ga masu asma game da hayaƙin turare. Duk lokacin da na sauya mai kai kaya, nakan koma in gyara ta a ranar, tunda shi nake miƙa wa bayanan masu saye.