Sandar da na saya da araha

Har yau in na ga an manna takardar karya farashi a kantin kayan wasanni, sai na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro.

Ƙarshen Nuwamban 2017 ne, ranar Juma'ar nan da Amurkawa ke rububin sayayya, na shiga wani kanti a Kolumbas ta jihar Ohayo neman takalmi. Sai ga sandunan besbol na yara a jere, an zaftare musu fiye da rabin kuɗi. Yarona ya shekara biyu yana aron sandar abokansa, ga kuma ainihin wadda ya daɗe yana nuna mini a waya. Na ɗauka, na biya, na fito ina murmushi, a zatona na yi wa Bature wayo. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina me ya sa ake neman rabuwa da su haka ba, alhali tun muna yara muke jin cewa banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abin da ban sani ba shi ne, saura wata guda da 'yan kwanaki sandar ta tashi daga aiki. Daga 1 ga Janairun 2018 hukumomin da ke shirya gasar besbol ta yara, wato Little League da su Babe Ruth da Cal Ripken da PONY, sun koma sabon ma'auni: duk sandar da ba guntun itace zalla ba ce, dole ta zo da tambarin USA Baseball, hukumar besbol ta Amurka, a kusa da mariƙinta. Tamu tsohon tambari gare ta, wanda aka rubuta BPF 1.15, wato ma'aunin yadda ƙwallo ke tsalle daga jikin sanda. Manufar ita ce a rage wa sandunan zafi, ƙwallo ta riƙa tashi kamar da sandar itace aka buge ta. An ba kan sandar damar yin kauri har inci biyu da biyar cikin takwas, maimakon inci biyu da kwata na da, amma an kashe tsallen. Kuma tun 2015 aka sanar da wannan. Shekara biyu da 'yan kai duk duniyar besbol ta sani, ban da ni. Mai kantin ya sani sarai, bai ce mini uffan ba, ni kuma ban tambaya ba.

A atisayen farko cikin Maris babban kocinmu ya karɓi sandar, ya jujjuya ta, ya miƙo mini yana girgiza kai. Kantin suka ce kayan ragi ba a mayarwa. Na sake sayen wata a kan cikakken farashi, uwargida ta yi mini kallon da ya ishe ni, na ɗauka an wuce wurin.

Da a nan na tsaya, da asarar kuɗi kawai na yi. Kuskuren da ya ci ni shi ne, na ƙi fitar da tsohuwar daga jakar yaron. Ganin ƙyashi nake a ce sanda sabuwa fil tana kwance a gareji, sai na ce a riƙa atisaye da ita. Kullum muka je fili mu biyu, in ya buga da ita ƙwallo ta yi nisa, sai in ce, "Kai, ka ga wannan ta fi waccan tashi." Na faɗi haka ya fi sau ashirin. Ni wai mita nake yi a kan dokar, ashe yaro haddacewa yake.

A shekarar na ba da kaina a matsayin mataimakin koci, ni ke tsayawa a zango na farko, cikin zangunan da mai bugu ke bi da gudu kafin ya dawo gida ya ci maki, ina nuna wa yara su ruga ko su tsaya. Wasan fidda gwani ya faɗo farkon Yuni, tsakiyar azumi, rana ta ƙi faɗuwa sai wajen tara na dare. Kafin a fara alƙalin wasa ya duba sandunan da aka jingina a waya, duk lafiya. Tsohuwar tana cikin jaka, ba wanda ya gan ta, ni kaina na manta da ita.

Zagaye na biyar, ana cin mu huɗu da uku, an riga an fitar mana da mutum biyu, muna da yara a zango na biyu da na uku. Yarona ya shigo. Jifa ta biyu ya ɗaga ƙwallo ta bayan 'yan tsaron ciki, yaran biyu suka shigo gida, iyaye suka kaure da ihu. Ya iso wurina yana haki, na dafa kansa, yunwar azumin ma ta tafi. Amma kunnena ya riga ya ji ƙarar bugun, kuma na san ƙarar. Kocin ɗaya ɓangaren shi ma ya ji. Kafin yaro na gaba ya shiga wurin bugu ya taka wurin alƙali, a natse, ya nuna sandar da ke yashe a ƙasa.

Alƙali ya ɗauka, ya nemi tambari bai gani ba. Dokar lokacin ta ce wanda ya yi bugu da haramtacciyar sanda ya fita, muddin an gano kafin na bayansa ya shiga. Shi ne na uku, don haka zagayen ya mutu, maki biyun suka bi ruwa. Sannan akwai ƙari: a karon farko ƙungiya tana rasa babba ɗaya daga masu tsayawa a zango har ƙarshen wasa, in aka sake kuma a kori babban koci. Ba sai an yi shawara wa zai bar wurinsa ba. Na tako daga zango na farko zuwa benci a gaban iyaye, tafiyar da ba ta kai taku talatin ba, amma ban taɓa yin mai tsawonta ba. Aka tashi huɗu da uku.

A mota na fara faɗa. Yaron ya bari na gama, sannan ya ce, "Baba, ai kai ka ce ita ta fi tashi. Ni so nake mu ci." Har muka isa gida ban sake buɗe baki ba. Na sha ruwa da dabino ɗaya, abincin ya ƙi shiga.

Na daɗe ina jin haushin kocin nan, ina cewa me ya kai babba tona asirin ɗan shekara goma. Daga baya na ga bai yi laifin komai ba. Ɗan wani ne ke tsaye ƙafa arba'in da shida daga sandar yana jifa, kuma yaransa duk sun bi doka, iyayensu sun biya kuɗin da na biya. Haushin mai kantin kam bai bar ni ba.

Tun daga nan na zama mutumin da ake tsokana da ɗaukar littafin doka. Kowane Janairu ina zama in karanta abin da aka sauya, ba na jiran wani ya ba ni labari a bakin fili. Abin da ya fi ruɗa sabon shiga shi ne ba hukuma ɗaya ba ce. Gasannin ƙarshen mako na wata hukumar daban mai suna USSSA har yanzu suna karɓar sanda mai 1.15 in tana da tambarinsu, don haka yaro ɗaya na iya buƙatar sanda biyu a mako ɗaya. Wanda ke cikin wannan hali ya yi jaka biyu. Ba wai shawara nake bayarwa don in ji daɗin baki ba, jaka ɗaya ce ta kashe mu.

Da ƙanwarsa ta shiga sofbol, wasa mai kama da besbol, na kusa sake tafka wani, saboda na ɗauka dokar yayanta ce tata. Sauyin 2018 bai taɓa sandunan sofbol ba, su 1.20 ake nema. Lissafin shekaru ma daban: na besbol ana duba shekarun yaro a 31 ga Agustan shekarar da ake ciki, na sofbol kuwa 31 ga Disambar da ta wuce.

Yanzu ni ke riƙe da ƙidayar jifa, dokar da ta shigo tun 2007 don kare hannun yara. Ɗan tara zuwa goma ba ya wuce jifa 75 a yini, ɗan sha ɗaya zuwa sha biyu 85. Hutun da ake ba mai jifa bayan wasa ne ke kama mutane: jifa 20 ba hutu, 21 zuwa 35 kwana ɗaya, 36 zuwa 50 kwana biyu, 51 zuwa 65 kwana uku, daga 66 kwana huɗu. Wanda ya yi jifa 41 ba zai koma mai cafe ƙwallo a bayan mai bugu a ranar ba. Ina ƙirgawa da na'urar hannu, ina kuma jan layi a takarda, bayan kowane zagaye in je in gwada da na ɗaya ɓangaren. Suna mini dariya, ina barinsu. Ko da aka sauya tsarin gasa a 2023, aka ce duk yaron da ke cikin jerin ƙungiya zai shiga layin bugu, ni na fara kai wa kocinmu labari.

Kafin kowane wasa kuma ina zazzage jakar kowane yaro a ƙasa, har ta 'ya'yan da iyayensu ke ɓata rai. Sau biyu na tsinci irin sandar nan, ɗaya ma kakan yaron ne ya saya masa a kasuwar 'yan gwanjo.

Tamu tana nan. Uwargida ta ƙi a yar, da ita take tokare ƙofar gareji in iska ta taso. Yaron yanzu ya fi ni tsawo, kuma duk ranar da na fara yi masa nasiha a kan karanta takarda kafin sa hannu, sai ya waiwaya ya kalli ƙofar garejin.